Darasi na Goma Sha Huɗu: Neman Yardar Iyaye a Kan Kiwon Ƙaramar Dabba

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya:

1. bayyana bambancin kiwon amfani da kiwon sha'awa;
2. kawo dalilan da kan sa iyaye su hana yaro ajiye dabba a gida;
3. roƙon babba da Hausa cikin ladabi, ba tare da gardama ba;
4. amfani da kalmomin girmamawa da na sharaɗi da na dalili a cikin jimla.

Gabatarwa

Wataƙila ka taɓa zuwa gidan abokinka ka ga zomo fari tas yana cin ganye a cikin keji, ko ka ga tattabaru suna saukowa daga rufin ɗaki suna tsintar hatsi a tsakar gida. Ka koma gida da sha'awa a ranka, ka ce wa mahaifinka kai ma kana so. Ya dube ka ya ce a'a. Washegari ka sake roƙo, ya sake hanawa. Daga nan ka yi fushi, ka ƙi cin abinci, magana kuwa ta mutu ke nan.

Wannan darasi zai nuna maka inda aka yi kuskure. Sau da yawa iyaye ba dabbar kanta suke ƙi ba. Abin da suke gudu shi ne nauyin da za ta zo da shi, domin suna zaton a kansu zai ƙare. Saboda haka mai son a yardar masa, sai ya fara kawar musu da wannan tsoro, da magana mai daɗi da kuma aikin da za su gani da idonsu.

Za mu ɗauki misalinmu daga Kontagora, babban gari a Jihar Neja. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa garin a shekarar 1864, kuma har yau ana kiran sarkin garin Sarkin Sudan. A ƙasar Kontagora akwai Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Dakarkari da Gwari da Nufawa, ga kuma Yarabawa da Ibo waɗanda kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo. Kowa da harshensa a gida, amma a kasuwa da tasha Hausa ce take haɗa su. Don haka ko da ba da Hausa kake magana da iyayenka ba, za ka bukaci salon roƙon da za ka koya a nan wajen malaminka, ko maƙwabcinku, ko mai gidan da kuke haya.

Kiwon Amfani da Kiwon Sha'awa

Bahaushe mai kiwo ne tun asali. Da wuya ka shiga gida ka rasa kaji ko agwagi ko awaki ko tumaki. A al'ada, kaka ko gwaggo takan ba yaro kaza ta ce, "Ga taka." Idan kazar ta yi 'ya'ya suka girma, sai a sayar a saya masa 'yar akuya. Ta haka yaro yake koyon tattalin dukiya tun yana ƙarami. Wannan shi ake kira kiwon amfani, wato kiwon da ake yi domin nama ko ƙwai ko kuɗi.

Akwai kuma kiwon sha'awa. Shi ne mutum ya ajiye dabba domin yana jin daɗin ganinta da wasa da ita, kamar kyanwa ko zomo ko tattabara ko ɓeran Masar ko kanari. Ka lura da cewa "dabbar gida" ta haɗa har da akuya da saniya. Idan kana nufin dabbar da za ka ajiye don jin daɗi kawai, sai ka ce "kiwon sha'awa".

Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci. Mahaifin da ya tashi da kiwon amfani, tambayar farko da zai yi maka ita ce, "Mene ne amfaninta?" Ka tanadi amsa ta gaskiya. Kyanwa tana korar ɓeraye daga rumbu da sito. Kashin zomo da na tattabara taki ne mai kyau ga lambu. Babban amfanin kuwa shi ne yaro yana koyon riƙon amana, domin rai ne aka damƙa a hannunsa.

Me Ya Sa Iyaye Kan Ƙi?

Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Kafin ka buɗe baki, zauna ka yi tunanin abin da iyayenka suka hango. Yawanci ba ya wuce waɗannan shida.

Na farko, kuɗi. Sayen dabba sau ɗaya ne, amma ciyar da ita kullum ne.

Na biyu, tsabta. Kejin zomo da ba a sharewa yakan cika gida da zarni. Tattabaru kuma sukan ɓata rufin kwano, alhali a gidaje da yawa daga rufin nan ake tarar ruwan sama da damina.

Na uku, lafiya. Dabba tana iya kawo ƙuma ko cuta, ko ta yaƙushi ƙaninka.

Na huɗu, karatu. Iyaye suna tsoron kada wasa da dabba ya ɗauke maka hankali daga littafi.

Na biyar, maƙwabta. Tattabara ba ta san iyakar gida ba, tana iya sauka a kan shanyar wasu. Zomon da aka sake a ƙasa yana iya haƙa rami ƙarƙashin katanga. Idan gidan haya kuke, dole a nemi iznin mai gida.

Na shida, alhaki. Wannan ya fi sauran nauyi. Musulunci da Kiristanci duka sun yi horo da tausayin dabbobi. A cikin hadisi akwai labarin wata mata da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Uba yana sane da cewa idan ɗansa ya gaji da dabba ya yi watsi da ita, a gidansa za ta wahala.

San Dabbar Kafin Ka Roƙa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya san abin da dabba take ci, da inda za ta kwana, da yadda take haihuwa, ya fi samun mai saurarensa. Ga taƙaitaccen bayani a kan dabbobi uku.

Zomo yana cin ciyawa da harawa da ganyen dankali da dusa. Ƙasar Kontagora ƙasar noma ce, ana shuka dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, saboda haka harawa da dusa ba su da wuyar samu, musamman da kaka. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro muddin ransa, don haka kullum yana bukatar abin tauna. Kada a ba shi ciyawar da aka yi wa feshin magani. Ɗanyen ganye kuma a bari ya sha iska kafin a ba shi, gudun kumburin ciki. Zomo ba ya jure zafi, sai a ajiye kejinsa a inuwa, musamman a watannin Maris da Afrilu. Ba a ɗaukarsa ta kunne. Ana tallafe shi ne da hannu biyu. Zomanya takan haihu bayan kimanin kwana 30 da ɗaukar ciki, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya. Ka ga ke nan zomaye biyu, mace da namiji, suna iya cika keji kafin shekara ta zagayo.

Tattabara tana cin dawa da gero da masara da wake. Takan yi ƙwai biyu, mace da namiji su riƙa kwanci bi da bi har kimanin kwana 18. 'Ya'yanta su ake kira 'yan shila, kuma sukan fara tashi bayan kamar wata ɗaya. Tattabara tana gane gida, in ta saba ko ta yi nisa za ta dawo.

Kyanwa takan haihu bayan kimanin mako tara, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 10. Wanda ya ɗauki 'yar kyanwa yana aji ɗaya na sakandare, zai gama makaranta tana nan. Ana kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa da shi. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi. Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti.

Akwai dabbobin da bai kamata ka roƙa ba sam. Biri da ɗan barewa da tsuntsayen da aka ɗauko daga sheƙa, daji ne gidansu. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ya ragu ƙwarai a dazuzzuka, har ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji a tsakaninsu tun daga 2017.

Matakan Roƙo a Al'adar Bahaushe

1. Zaɓi lokaci. Ba a tarar uba da roƙo yana shigowa daga kasuwa, ko yana cikin baƙi, ko yana fushi. A bari ya ci abinci ya huta.
2. Bi ta hanya. Yaro yakan fara gaya wa mahaifiyarsa, ko ya kama ƙafa da kaka ko kawu ko gwaggo. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, don haka maganar da take da nauyi a gaban uba takan yi sauƙi a gaban kaka.
3. Fara da gaisuwa. Ka durƙusa ko ka rusuna, ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya.
4. Nemi izinin magana, sa'an nan ka faɗi bukatarka a taƙaice.
5. Saurari amsa har ƙarshe. Ba a katse babba.
6. Amsa kowace damuwa da shiri. Idan ka taɓa yin kuskure, ka amsa laifinka.
7. Yi godiya, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Tattaunawa

Karanta wannan misali. Auta yaro ne ɗan shekara 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare a Kontagora. Mahaifinsa yana sayar da hatsi a kasuwa. Bara gwaggonsa ta ba shi 'yan tsaki biyu. Wata rana da bazara ya tafi ƙwallo ya bar su a rana babu ruwa, suka mutu. Bana kuma zomo yake so.

(a) Auta da Kaka

Auta: Salamu alaikum. Kaka, barka da hantsi.

Kaka: Wa alaikumus salam. A'a, maigidan nawa ne? Yau me ka kawo mini na cefane?

Auta: Yau dai roƙo na kawo.

Kaka: Ji miji! Kullum hannu Rabbana. To, faɗi in ji.

Auta: Zomo nake so in yi kiwo, amma ina jin nauyin Baba.

Kaka: Nauyinsa kake ji, ko 'yan tsakin bara kake tunawa?

Auta: Duka biyu, Kaka.

Kaka: To, ka ji shawarata. Fara gaya wa uwarka, ita ce mai tsakar gida. Ubanka kuwa ka bari sai ya ci tuwon dare. In ya tayar da maganar bara, kada ka yi musu. Ni kuma zan sa baki.

Auta: Na gode, Kaka. Allah ya ƙara lafiya.

(b) Auta da Inna

Auta: Inna, sannu da aiki. Kawo in ƙarasa wanke-wanken.

Inna: Yau kuma? Lalle akwai magana a bakinka.

Auta: Akwai, Inna. Da ma zomo nake so a bar ni in ajiye.

Inna: Zomo? Wa zai sha zarni? Wa zai yi shara? Ni dai aikin da ke gabana ya ishe ni.

Auta: Ni zan yi, Inna. Idan an yarda, zan ajiye kejin can bayan ɗaki ƙarƙashin darbejiya, nesa da madafa. Kullum zan share kafin in tafi makaranta, in kai kashin cikin lambunki.

Inna: Faɗa da baki ba wuya. Je ka wurin babanka. In ya tambaye ni, zan faɗi abin da na gani.

(c) Auta da Baba

Auta: Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa. An wuni lafiya?

Baba: Lafiya lau, Auta. Yaya karatu?

Auta: Alhamdu lillahi. Baba, da ma wata 'yar magana ce gare ni, in an ba ni izini.

Baba: Ina jin ka.

Auta: Da ma ina so ne, in da hali, a bar ni in yi kiwon zomo.

Baba: Zomo? Ina 'yan tsakin da gwaggonka ta ba ka bara?

Auta: Sun mutu, Baba. Laifina ne. Na bar su a rana babu ruwa. Har yanzu abin yana damuna.

Baba: To, da kyau da ka faɗi gaskiya. Da wane kuɗi za ka saya?

Auta: Tun ƙaramar salla nake tara kuɗin tara a asusu. Na je na tambayi farashi. Abin da na tara zai isa zomon da ragar waya. Yaya ya ce zai taya ni haɗa keji da katakon da ke bayan gida.

Baba: Abinci fa?

Auta: Zan riƙa yanko ciyawa da yamma. Idan an girbe gyaɗa zan tanadi harawa. Dusa kuma, ko za a taimaka mini da wadda ake samu in an yi surfe?

Baba: Ka san zomo da haihuwa. Biyu yau, gobe gida ya cika.

Auta: Gaskiya ne, Baba. Saboda haka mata biyu nake so, ban da namiji.

Baba: Karatunka fa? Jarrabawa ta matso.

Auta: Idan sakamakona ya yi ƙasa, na yarda a mayar da su.

Baba: Na ji. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ga kajin uwarka nan. Daga gobe kai za ka riƙa buɗe akurki, ka ba su tsaba da ruwa, ka share, ka rufe da magariba. Ka yi wata ɗaya, sa'an nan mu sake magana.

Auta: To, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma.

Baba: Amin. Allah ya yi maka albarka.

Auta ya riƙe aikin kaji har wata ya cika. Baba bai sake ce masa kome ba, amma kullum da safe kafin ya fita kasuwa sai ya leƙa kaskon ruwan kaji. Rana ɗaya ce kawai Auta bai samu dama ba, ranar da makaranta ta kai su gasar kacici-kacici a Minna. Tun da dare ya roƙi Yayansa ya tsaya masa, ya kuma sanar da Inna. Da wata ya cika, Baba da kansa ya kira shi ya ce, "Ranar Asabar ka shirya mu je mu zaɓo. Amma ka sani, ranar da na tarar da kasko a bushe, ranar za su bar gidan nan."

Ka lura da abubuwa uku. Auta bai ɓoye kuskurensa ba. Kowace tambaya ta Baba ta tarar da amsa a shirye. Abin da ya kammala shawo kan Baba kuwa shi ne kaskon ruwa, domin gani ya kori ji.

Nazarin Harshe

1. Kalmomin girmamawa. Idan ana magana da babba, akan kauce wa "ka" da "ki", a yi amfani da "a", "an", "ana" da "za a", waɗanda ba su nuna wani mutum kai tsaye. Kwatanta waɗannan:

Ka wuni lafiya? / An wuni lafiya?
Ka bar ni in saya. / A bar ni in saya.
Za ka ba ni dusa? / Ko za a taimaka mini da dusa?

Jimlolin farko daidai suke a nahawu, kuma sun dace da aboki. Na biyun su suka fi dacewa da uba ko malami.

2. Kalmomin sassauta roƙo. Su ne irin su "da ma", "ko", "in da hali", "don Allah", "in an yarda". Suna nuna cewa mai magana ya bar zaɓi a hannun babba.

Da ma ina so in yi kiwon tattabaru.
Ko za a ba ni aron kwando?
In da hali, a raka ni wurin likitan dabbobi.

3. Sharaɗi da alkawari. "Idan" da "in" ma'anarsu ɗaya. Sashen farko na jimla yana kawo sharaɗi, na biyu yana kawo abin da zai biyo baya, sau da yawa da "zan", "zai", "za ta", "za mu".

Idan an yarda, zan share kejin kullum.
In kyanwar ta yi rashin lafiya, za mu kai ta asibitin dabbobi.

4. Dalili. Ana kawo dalili da "saboda", "domin" ko "don".

Ina son kyanwa saboda ɓeraye sun dame mu.
Zan ajiye kejin a inuwa domin zomo ba ya son zafi.

5. Tilo da jam'i.

zomo: zomaye
tattabara: tattabaru
kyanwa: kyanwoyi
mage: maguna
kaza: kaji
ɗan shila: 'yan shila
ɗan tsako: 'yan tsaki

Macen zomo ita ce zomanya. Namijin kyanwa shi ne muzuru. Kyanwa da mage abu ɗaya ne.

Idan Aka Ce A'a

Ba kowane roƙo ake amsawa ba. Wani lokaci iyaye suna da dalilin da ba ka da maganinsa: gida ya yi ƙanƙanta, ko mai gidan haya ya hana, ko wani a gidan yana da ciwon asma wanda gashin dabba ke tayarwa. In haka ta faru, ka ce, "To, na ji, na gode." Kada ka kumbura fuska, kada ka ce ai an bar wane ya yi. Mafi muni shi ne ka sayo dabba a ɓoye. Ranar da asiri ya tonu, za ka rasa dabbar, ka kuma rasa yardar da ta fi ta daraja.

Kana iya tambaya cikin ladabi, "Ko akwai abin da zan gyara?" Kana iya taya abokinka kula da tasa dabbar, ko ka nemi a bar ka ka yi kiwon a gidan kaka. Bayan wani lokaci, in hali ya sauya, sai ka sake gwadawa. Yaron da ya karɓi "a'a" da ladabi, shi ake tunawa ranar da dama ta samu.

Sababbin Kalmomi

akurki: ɗan ɗakin da kaji ko tattabaru suke kwana
alhaki: laifin da mutum ke ɗauka idan ya cuci wani ko ya tauye masa hakki
amana: abin da aka damƙa wa mutum ya kula da shi
asusu: abin da yara ke tara kuɗi a ciki
dusa: ɓawon hatsi da ke fita idan an yi surfe
hannu Rabbana: zuwa wuri ba tare da an riƙo kome ba
harawa: busasshen ganyen wake ko na gyaɗa da ake ba dabbobi
kama ƙafa: neman wani ya taya ka roƙo
kuɗin tara: kuɗin da ake ba ɗalibi ya sayi abinci a makaranta
rusuna: sunkuyawa domin girmama babba
sa baki: shiga magana domin a taimaki wani
shanya: hatsi ko wani abu da aka baza a rana ya bushe
tsaba: ƙwayar hatsi
zarni: warin fitsari

Karin Magana

1. Ba a fafe gora ranar tafiya: ana yin shiri tun kafin lokacin bukata.
2. Gani ya kori ji: abin da aka gani da ido ya fi abin da aka faɗa.
3. Alkawari kaya ne: wanda ya yi alkawari ya ɗauki nauyi har sai ya cika.
4. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: ƙasƙantar da kai don biyan bukata ba ya rage darajar mutum.
5. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba: mai haƙuri yana isa inda yake so.

Tambayoyi

1. Wa ya kafa Kontagora, kuma a wace shekara?
2. Mene ne bambancin kiwon amfani da kiwon sha'awa?
3. Kawo dalilai huɗu da kan sa iyaye su hana yaro ajiye dabba.
4. Me ya sa ake ajiye kejin zomo a inuwa?
5. Me ya kamata a yi idan kyanwa ko kare ya ciji mutum?
6. Me ya sa Auta ya fara zuwa wurin Kaka?
7. Wace amsa Auta ya bayar da Baba ya tambaye shi 'yan tsakin bara?
8. Me ya sa Auta ya ce mata biyu yake so?
9. A ganinka, me ya sa Baba yake leƙa kaskon ruwa ba tare da ya gaya wa Auta ba?

Aikin Aji

(a) Mayar da waɗannan jimloli yadda za su dace da babba:

1. Ba ni kuɗi in sayi tattabara.
2. Ka dawo lafiya?
3. Ka bar ni in je gidan kawu.
4. Za ka raka ni kasuwa?

(b) Cike gurbi da "idan", "saboda", "zan" ko "da ma":

1. ______ an yarda, zan ajiye kyanwa.
2. Ina son tattabaru ______ suna gane gida.
3. Baba, ______ wata magana ce gare ni.
4. Kullum da safe ______ sauya musu ruwa.

(c) Ku rabu huɗu-huɗu, ku yi wasan kwaikwayon tattaunawar Auta. Sa'an nan ku sake yi, amma wannan karon yarinya ce take son kyanwa, kuma gidan haya suke zaune. Ku ƙara mai gida a cikin wasan, ku tuna akan ce masa "Ranka ya daɗe".

Aikin Gida

1. Tambayi wani mai kiwo a unguwarku sunayen abincin dabbarsa da Hausa, da farashinta, da irin wahalar da yake sha. Rubuta abin da ya gaya maka a cikin jimla goma.
2. Rubuta wa mahaifinka ko mahaifiyarka wasiƙa da ba ta gaza kalma 120 ba, kana neman izinin kiwon wata ƙaramar dabba. Ka fara da gaisuwa, ka kawo dalili biyu, ka amsa damuwa uku, ka yi alkawari ɗaya wanda ka tabbata za ka iya cikawa, sa'an nan ka rufe da godiya da addu'a.